Mutanen Damagum Da Dutsen Gashaka: A Yi Adashe A Je Da Hunturu

Da zarar watan Disamba ya kama, hirar 'yan Arewa mazauna Kurmi takan koma kan abu guda, watau sanyin gida. A Abbatuwar Agege da kasuwar Mil 12 a Ikko, da Sabon Shagamu, da Sabon Badun, har zuwa Anacha da Fatakwal, za a ga mutum yana zaune yana sharce gumi, amma bakinsa na ba da labarin yadda leɓe da dunduniya ke tsagewa a garinsu, da yadda tsofaffi ke kewaye wutar kara tun kafin assalatu. A wannan gasa mutanen Damagum da maƙwabtansu na Potiskum ba su yarda a kayar da su ba. Suna kuwa da gaskiyarsu, domin yankin nasu ya daɗe da yin suna wajen tsananin hunturu. Sai dai akwai wani wuri a cikin ƙasar nan da ya fi nasu sanyi nesa ba kusa ba, suna kuma da haƙƙi a cikinsa, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa taka shi.

Wurin nan shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Yawancinsa yana cikin Jihar Taraba, ɓangaren arewa kuma, watau Gumti, ya shiga Jihar Adamawa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma duk cikin gandayen dajin gwamnatin tarayya babu wanda ya kai shi girma. Hedikwatarsa tana garin Serti. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda waɗansu ke kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, kuma babu wani wuri a Nijeriya da ya fi shi tudu. Akwai ɓauna da dorina da gwanki da gwambaza da mazo da damisa, akwai bika garke-garke, akwai kuma babban birin nan mai kama da mutum wanda ya kusa ƙarewa a sauran sassan ƙasar. A kogin Mayo Kam ana samun giwan ruwa da tsage. Ga yaron da aka haifa a Damagum, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, wanda in ya ga dutse to na wajen Fika ne, ko kuwa ɗan'uwansa da aka haifa a ɗaki guda a Idi-Araba, wannan wata duniya ce dabam.

Maganar haƙƙi da aka ambata ba daɗin baki ba ce. A shekarar 1972, lokacin da aka fara keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti domin kare namun daji, Damagum da Serti jiha ɗaya suke, watau Jihar Arewa Maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, a zamanin Gwamna Musa Usman. Baitulmalin da harajin iyaye da kakannin mutanen Fune ke shiga, shi ne ya biya ma'aikatan da suka shata iyakar dajin. A 1976 ne aka raba jihar gida uku, Borno da Bauchi da Gongola, aka raba hanya. Daga baya kuma sai ga shi a shekara guda, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta haɗe dazuzzukan biyu suka zama gandun daji na tarayya, ta kuma ƙirƙiro Jihar Yobe da Jihar Taraba a rana ɗaya, 27 ga Agusta. Tun daga ranar da ya zama na tarayya, rabon mai sayar da albasa a Mil 12 a cikinsa daidai yake da rabon babban sakatare a Abuja.

Kai, shigowar yankin cikin Nijeriya ma da guminta ta zo. Ƙasar Gashaka tana hannun Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, kuma har yanzu akwai kufan ganuwar sojan Jamus a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin ta koma riƙon Ingila. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa wa lardin suna Lardin Sardauna. Ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta har yau da wannan suna ake kiranta. Ƙasar da shugabannin Arewa suka yi ta zirga-zirga domin kada ta kuɓuce, ita ce jikokinsu ba su san hanyarta ba.

To, an san abin da dattijo zai ce in yaro ya kawo masa wannan magana. Zai ce, "Kai yaro, yawon ganin biri aikin Bature ne. Wanda ya baro gida neman abin rufin asiri ba shi da kuɗin kallon dutse." Yaron kuma zai sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Maganar dattijon tana da nauyi, ba kuwa za a yi mata dariya ba a ƙasar da mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ya tsaya naira 70,000, alhali tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 farashinsa ya yi ta hawa har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Amma akwai abin da maganar ta manta, kuma babu wanda ya kamata ya tuna da shi kamar mutumin Yobe.

Dajin Sambisa da can gandun namun daji ne. Akwai ma'aikata, akwai masauki, har giwaye na ratsawa. Sannu a hankali jama'a suka daina zuwa, hukuma ta daina kula, hanyoyin ciki suka mutu, ma'aikata suka ragu. Kowa ya san wanda ya gaje shi, kuma mutanen Damagum da Potiskum da Damaturu da Buni Yadi ba a littafi suka karanta sakamakon ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a Kurmi yau, abin da ya fito daga dazuzzukan da aka yi wa sakaci shi ne ya koro su daga kasuwancinsu na gida. Haka gandun dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari ya koma maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, haka kuma 'yan bindiga suka kutsa cikin na Kainji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a ce ziyarar 'yan yawon buɗe ido ita kaɗai ke tsare daji ba, wannan aikin gwamnati ne da masu ɗamara. Amma dajin da mutane ke shiga suna fita kowane mako, wanda mai abinci da mai babur da mai masauki ke cin abinci a bakinsa, wanda ɗan majalisa ya san cewa masu zaɓensa sun san shi, yana da wuyar a yi watsi da shi a ɓoye. Wanda ba kowa ke zuwa ba kuwa, ranar da aka daina biyan masu gadinsa ba wanda zai ji labari.

Gashaka ta riga ta ɗanɗana irin nata. Direbobin manyan motoci na Potiskum, waɗanda ba hanyar da ba su sani ba a ƙasar nan, za su tuna shekarun da gungumen madobiya, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Madrid, suka cika hanyar Taraba zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, ana loda su zuwa ƙasar Sin. Tsakanin 2014 da 2017 an yi wa dazuzzukan Taraba aski, masu zarto suka kai har cikin gandun. Sai da aka sa itacen cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a cinikin duniya a 2016, aka kuma dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Waɗansu daga cikin masu karanta wannan shafi da hannunsu suka ɗaure gungumen nan, ba kuma laifi ba ne ga mai neman halaliyarsa ya ɗauki lodin da aka ba shi. Abin tambaya shi ne, da sun taɓa zama a inuwar itatuwan suna tsaye, da sun kalli lodin da ido iri ɗaya? A halin da ake ciki, waɗanda suka fi sanin dajin nan baƙi ne. A shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'a ta Landan suka kafa sansani a Kwano domin nazarin birai, gidan ajiye namun daji na Chester a Ingila kuma ya daɗe yana tallafa wa aikin. A 2017 wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa, tana horar da masu gadi tana ba su kayan aiki. An gode musu. Amma abin kunya ne a ce ɗalibi daga Ingila ya san sunan kowane rafi a Gashaka, malamin makaranta a Damagum kuwa yana koyar da labarin ƙasa bai taɓa ganin dutse mafi tsawo a ƙasarsa ba.

Akwai wata ƙorafin da ta fi ta dattijon nan ƙarfi, ita ce ta masu shanu. Arzikin ƙasar Fune da Potiskum a kan dabba yake, kuma makiyayi ba ya kallon gandun daji da idon rahama. A wurinsa ciyawa ce da ruwa aka kewaye aka hana shi, in ya shiga a kama shi a ci shi tara. Wannan ƙorafi ba ƙarya ba ce, ba kuma za ta warware da ziyarar kwana uku ba. Amma ya kamata a san abubuwa biyu. A cikin gandun Gashaka akwai wuraren da doka ta bar wa mazauna, Fulani na kiwo a kan tuddai irin su Chappal Hendu, manoma na noma a kwari, watau ba a share mutane gaba ɗaya ba. Sa'an nan ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke ciyar da kogin Taraba, wanda ke zuba cikin Binuwai, fadamun Binuwai kuwa su ne mafakar dubban shanun Arewa da rani. In aka sare kurmin da ke riƙe ruwan a kan tudu, rafukan za su riƙa yin ambaliya da damina su ƙafe da wuri, kuma saniya ce za ta fara jin jiki kafin biri. Tsofaffin makiyaya ba su manta ciwon bushiya na 1983 ba. Annobar da ta kwashe garkunan Borno ita ce ta kashe ɓaunar Gashaka, domin cuta ba ta san iyakar gandu ba.

Dalilin da ya sa aka ce a je da hunturu a fili yake. Da damina ruwan sama a can ba irin na Yobe ba ne. Yakan fara da wuri ya daɗe, koguna su cika su hana ƙetarewa, hanyoyin ciki su koma taɓo. Daga Disamba zuwa Maris ne ƙasa ke bushewa, ruwa ya ja baya, ciyawa ta kwanta, namun daji su riƙa taruwa a bakin kogi inda ido zai gan su. Amma hunturun yana da nasa sharaɗin. Ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe Damagum har a kunna fitilar mota da rana, tana kaiwa can ma, kuma ranar da hazo ya yi kauri mutum zai iya shan wahalar hawa ya tarar ba ya ganin komai sai fari. Mai son hangen nesa gara ya je da farkon Disamba. Mai son ganin dabbobi kuwa ya jinkirta zuwa Fabrairu.

Sanyin kuma kada a raina shi. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6. Ƙasar Damagum ba ta kai tudun mita 500 ba. Ke nan wanda ya kwana kusa da ƙololuwar Chappal Waddi ya hau kusan mita 2,000 sama da gidansu, sai ya lissafa da kansa abin da zai tarar da asuba, ga iska, ga raɓa mai jiƙa bargo, ba kuma katangar da zai raɓa. Wanda ya shekara goma a zafin Ikko jikinsa ya riga ya manta, ko da bakinsa bai manta ba.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda shi ne gaskiyar magana. Abin da ke cin aljihu a tafiyar nan mota ce. Kuɗin shiga gandun ba shi ne abin tsoro ba in aka gwada shi da kuɗin hanya. Daga Damagum sai an bi ta Potiskum a gangara Gombe, a wuce Kaltungo zuwa Numan, a ƙetare Binuwai a nufi Jalingo, daga nan a bi ta Garba Chede da Bali kafin a isa Serti. Tafiyar kwana biyu ce ga mai hankali, a kwana a Jalingo, domin waɗansu sassan hanyar sun lalace kuma ba a bin su da dare. Mutum ɗaya da zai bi tasha-tasha yana biyan kuɗin kujera sau huɗu ko biyar zuwa, haka kuma dawowa, zai gaji ya kuma tsiyace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da zai sauƙaƙa shi kuwa mutanen Kurmi sun riga sun iya shi. Babu unguwar 'yan Arewa da ba a adashe, babu kuma garin da 'ya'yansa ba su da ƙungiya mai tara kuɗin kai gawa gida ko belin wanda aka kama. A ɗauka mutum 14, cikin bas guda ke nan, kowa ya riƙa zuba naira 2,000 a mako. Cikin mako 40 kowa ya tara naira 80,000, jimla naira 1,120,000. Da irin wannan kuɗi a hannu ana iya zama da direba a tashar Potiskum a yi cinikin shata zuwa da dawowa, a ware na masauki da na jagora, ba wanda ya ji an yanke shi lokaci guda. Naira 2,000 a mako kuwa, a faɗi gaskiya, ba ta kai abin da waɗansu ke zubawa a katin waya suna kallon duwatsun ƙasashen wasu ba. Hikimar ita ce a haɗa tafiyar da zuwa gida da aka saba yi, a ƙara kwana biyar ko shida a kai, a ɗebi yaran gida a tafi da su. Waɗanda ke Inugu da Anacha da Fatakwal suna iya biyowa ta Makurɗi da Wukari su haɗu da 'yan'uwansu a Taraba, amma sai sun tambayi direbobi halin da hanyar ke ciki a makon, domin yankin Katsina-Ala da Takum ya sha fama da masu tare hanya.

Kayan sanyi kada kowa ya saya sabo. Kasuwar gwanjo ta Katangowa a Ikko cike take da rigunan sanyin da aka ɗinka domin ƙasashen ƙanƙara, kuma da yake mutanen Ikko ba su da abin yi da su, sukan yi araha. A nemi mai kauri guda, da hular da ke rufe kunne, da safa biyu ko uku, da takalmi mai igiya mai kaurin ƙasa wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi a kan dutse azaba ne, silifa kuwa neman karaya. Bargo daga gida, da leda babba da za a shimfiɗa a ƙasa saboda raɓa, da tocila, da gidan sauro domin kwanan kwari, inda sauro da tsando ke nan ko da hunturu. Maganin zazzaɓin cizon sauro ya shiga jaka tun daga gari.

Guzuri ma ba sai an koya wa Bahaushe ko Bakare ko Bangizime ba. Abincin fatake na da shi ne daidai wannan tafiya: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, kilishi ko dambun nama, dabino, soyayyar gyaɗa, shinkafa da wake da ɗan mai da yaji, da tukunya guda ta kowa da kowa. Shayi kuwa a bari sai an je, domin a kan tudun Mambila, a Kakara, ake noman ganyensa. Ruwan rafi komai kyansa a tafasa shi. A riƙe tsabar kuɗi a hannu, a kasa su wuri biyu ko uku, saboda in aka wuce Serti ba a dogara da na'urar cire kuɗi ko layin waya.

Ba dole ne kowa ya hau Chappal Waddi ba, wannan ma ya kamata a faɗa da babbar murya, domin girman kai ya fi rashin kuɗi jefa matafiyi cikin wahala. Mai iyali da yara ƙanana ya isa ya sauka a Serti, ya shiga ƙauyen Gashaka, ya ga dorina a Mayo Kam, ya hau tudun ganuwar Jamus, ya ga bika na wasa a bakin hanya. In da sauran kuɗi a ƙara gaba ta Mayo Selbe, a hau hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji zuwa tudun Mambila, a ga Nguroje da Gembu, da shanu masu ƙiba a kan tuddai marasa itace. Wannan kaɗai ya isa yaro ya ba da labari har ya tsufa. Hawan ƙololuwar na matasa ne masu ƙarfin gwiwa. Akan bi ta Nguroje a hau babur zuwa Njawai, daga nan sai ƙafa, da kwana a hanya. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji ko asma ya tsaya a ƙasa, ba abin kunya ba ne.

Inda ba a tsumulmula shi ne wajen jagora. Doka ba ta yarda a shiga gandun ba tare da izini da ma'aikacin gandu ba, kuma dokar tana da hujja, gama daji ne da mutum zai ɓace a cikinsa a yi mako ana nema, ga iyakar wata ƙasa a kusa. Mutumin da ya iya ciniki a Mil 12 zai so ya gwada gwanintarsa a kan mai ɗaukar kaya ko mai babur na ƙauye. Ya ji tsoron Allah. Shi ma a Kurmi da ƙarfinsa yake ci, ya kuma san zafin a raina guminsa. Ɗan abin da ya biya mutanen nan shi ne ainihin amfanin zuwansa, domin shi ke nuna wa saurayin Gashaka cewa dorina mai rai tana kawo kuɗi kowace shekara. Saboda haka kuma kada a sayi naman daji a hanya, kada a sayo ɗan biri ko aku a kawo wa yara tsaraba. Wanda ya saya ya biya mafarauci kuɗin komawa gobe.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya ɓarke a 2016 da 2017, 'yan gudun hijira sun shigo ƙananan hukumomin Taraba na kan iyaka, shingayen bincike kuma sun yi yawa. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, mota kuma takardunta su cika. A tudun Mambila an yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a watan Yuni 2017, kuma irin wannan miki ba ya warkewa da wuri. Baƙo ya kama bakinsa, kada ya je ƙasar mutane ya zama alƙalin abin da bai san farkonsa ba. Da Hausa za a yi ciniki a ko'ina, amma Fulatanci ne harshen da ya fi tafiya a Gashaka da Mambila, don haka ayarin da ya sami Bafulatanin Jajere ko Ngelzarma a cikinsa ya yi sa'a. Mutanen Kurmi sun fi kowa sanin darajar gaida mai unguwa kafin a sauke kaya. A yi haka a can ma.

Gaskiya ne wannan kira bai shafi kowa ba. Ɗan ci-rani da ya sauko bayan kaka domin tura baro ko yankan farce ko gadi, hunturu shi ne lokacin nemansa, sai damina zai koma gona, babu kuwa mai hankalin da zai ce ya bar nema ya tafi kallon dutse. Maganar tana kan waɗanda suka zauna da gindinsu: dillalan shanu, masu shaguna, direbobi, 'yan canji, ma'aikatan gwamnati da na kamfani, waɗanda ke iya ɗinke wa iyali kaya kala uku da Salla su kuma yi wa biki liƙi ba tare da sun ji a jikinsu ba. Su ne ya kamata su fara, su kuma ɗauki nauyin kujera biyu ko uku domin ɗaliban sakandaren garinsu da malamin da zai raka su. Ayarin da kuɗinsa bai kai Serti ba a bana, kada ya watse. A cikin Yobe kanta akwai Dagona a ƙasar Bade, wani yanki na gandun dajin Tafkin Chadi, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka daidai wannan lokaci na hunturu, ga kuma Yankari a Bauchi da ruwan ɗuminta na Wikki. Tafiyar yini guda ce kowanne, kuma za ta nuna wa ƙungiya wane ne ke cika alkawarin zubi, wane ne kuma sai baki.

Abu na ƙarshe da masu shiri za su sa a lissafi shi ne azumi. Na shekarar 2025 ya kama ne a farkon watan Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, watau a 'yan shekarun nan yana shiga tsakiyar hunturu ke nan. Hawan dutse da ƙishirwa ba dabara ba ce, don haka ko dai a je a Disamba lokacin hutun makaranta, ko kuwa a haɗa da zuwa gida na ƙaramar Salla, wadda yanzu take faɗowa kafin ruwan Gashaka ya sauka. Ko wanne aka zaɓa, sai an fara zubi tun wata tara kafin ranar, a naɗa ma'aji wanda aka yarda da amanarsa, sa'an nan mako biyu kafin tashi a tuntuɓi ofishin gandun a Serti a ji kuɗin shiga da na masauki, da kuma ɓangaren dajin da aka buɗe wa baƙi a wannan shekara.